Kwamfutata ta maƙale a 0.79 GHz, in sayi wani furosesa?

Tambayar ta zo ne daga wani mai shago a Gusau, ga ta kamar yadda ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da katin biki a Tudun Wada. Kwamfutar tebur ce tokumbo, Core i5-6500, shekara biyu tana aiki lafiya lau. Tun wani dare da wuta ta riƙa zuwa tana komawa ta zama hawainiya, CorelDRAW sai na sha shayi kafin ya buɗe. Task Manager na nuna 0.79 GHz, ko mi na buɗe ba ta ɗagawa. Na yi mata fomatin sau biyu, na ƙara RAM, babu canji. Mai gyara ya ce furosesan ya gaji, in kawo kuɗin wani. Mi kake gani?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Furosesa, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, ba jaki ba ne da zai tsufa ya rage sauri. In ya lalace, kwamfutar ta ƙi tashi, ko ta riƙa mutuwa, ko ta riƙa jefo maka shuɗin allo. Amma ya tashi lafiya, ya yi lissafi daidai, ya kuma tsaya cak a lamba guda ba ya motsi, wannan alama ce ta cewa wani abu ne ya umarce shi ya tsaya a nan, shi kuma ya bi umarni. Aikinmu shi ne mu gano wanda ya ba da umarnin.

Ita kanta lambar da ka gani tana da magana. Saurin furosesa ninki ne na abu biyu: agogon tushe, wanda yake kusan 100 MHz, da kuma lambar ninkawa, wadda za ka iya ɗauka kamar giyar mota. Naka i5-6500, wanda Intel ta fitar a 2015, saurinsa na asali 3.2 GHz ne, wato giya 32, yana kuma iya haurawa 3.6 GHz in aiki ya buƙata. Giyarsa ta ƙasa ita ce 8. Takwas sau ɗari, 800 MHz ke nan, kuma da yake agogon tushen yakan gaza ɗari da ɗan kaɗan, sai Windows ta rubuta 0.79. To ka ga a giyar ƙarshe ta ƙasa aka kulle shi, kana aiki da rubu'in ƙarfin da ka saya. Ƙarin RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, da fomatin, wato goge Windows a sake zuba ta, ba sa taɓa wannan giyar, shi ya sa ba ka ga canji ba. RAM ɗin dai ba asara ba ne, CorelDRAW zai ji daɗinsa in an warware matsalar.

Kafin komai, ka tabbatar maƙalewa ce ta gaske, domin furosesa mai lafiya ma yakan sauka 800 MHz in ba ya aikin komai, don ya rage cin wuta. Sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna saurin furosesa, kyauta ce. A shafin farko za ka ga Core Speed, wato saurin, da Multiplier, wato giyar. Shiga shafin Bench ka danna Stress CPU, sannan ka dawo ka duba. Mai lafiya nan take zai haura 3.3 GHz ko kusa da haka. In Multiplier ya tsaya a 8 alhali dukkan ƙwayoyi huɗun da ke cikin furosesan, wato cores, suna aiki ɗari bisa ɗari, to maganarka ta tabbata.

Ɓangaren Windows ba zan daɗe a kansa ba, tunda fomatin biyu ya kusa wanke ta daga zargi. Duk da haka minti ɗaya ne: Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management. Maximum processor state ya zama 100%. In ka tarar da shi a 5 ko 20, ka gyara, an gama. Na faɗi haka ne saboda wasu faya-fayan Windows da ake yawo da su a filas an riga an yi musu yanke-yanke, ba ka san abin da aka sauya a ciki ba. Akwai kuma wata dabara da ke yawo ta shiga rajistar Windows a kashe direban da ake kira intelppm. Ka bar ta. Sau da yawa lambar da Task Manager ke nunawa kawai take sauyawa, kwamfutar na nan da nauyinta.

Yanzu ga inda hanya ta rabu biyu, kuma awon zafi ne ke raba ta. Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna awon zafi da wutar sassan kwamfuta, ka buɗe ta a Sensors-only, ka bar Stress CPU yana gudana, ka dubi zafin ƙwayoyin furosesan. Iyakar wannan furosesa maki 100 ne a ma'aunin Salshiyos. A bazarar Gusau, cikin shagon da ba iyakwandishan, in ka ga 70 ko 80 lokacin aiki mai nauyi ba abin tayar da hankali ba ne. In ka ga 95 zuwa 100 kuma layin Core Thermal Throttling ya ce Yes, to zafi ne na gaske, furosesan yana kare kansa daga ƙonewa.

In zafi ne, gyaran na hannu ne. Cire wuta, buɗe murfi. Ƙurar hunturu takan haɗu da zaren takarda ta yi wani irin bargo tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, a shagon buga takardu kuwa abin ya fi yawa. Hura da bulowa, amma ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Sannan ka kama ƙarfen ka ɗan girgiza shi. In ya motsa, ka kama ɓarawonka. Fankar Intel ta asali da ƙafafun roba huɗu take kama madabod, wato babban allon da dukkan sassan kwamfuta ke zaune a kansa, kuma zafi da shekaru sukan sa ɗaya ta karye ko ta zame, ƙarfen ya ɗaga ta gefe guda ko da kaurin takarda ne, wannan kuwa ya isa. Manyan kamfanoni galibi sukurori suke amfani da su, su ma sai a duba ko an ɗaure su daidai. Goge busasshen man da ke kan furosesan da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar da ƙarfen kana ɗaure kusurwa da kishiyarta. Man furosesa na gaske nake nufi. Na sha buɗe kwamfuta in tarar da man goge baki ko girisin mota, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sai dai ban yi tsammanin naka zafi ne ba, ga dalilina. Rage gudu saboda zafi yana da hali irin nasa: da safe in ka kunna kwamfutar tana sanyi sai ta yi gudu, bayan 'yan mintuna ta fara ja da baya, lambar kuma ta riƙa hawa da sauka, 2.6, 1.9, 2.3, gwargwadon yadda zafin yake. Ba ya farawa dare ɗaya, a hankali yake tsananta cikin makonni. Kai kuwa ka ce lamba ɗaya ce ko mi ka buɗe, kuma ka san daren da abin ya fara. Ina kyautata zaton in ka auna za ka ga maki 35 ko 40, furosesa sanyi ƙalau amma a ɗaure.

In haka ka gani, sunan abin da ke damunka BD PROCHOT. A cikin ƙafafu fiye da dubu da ke haɗa furosesa da madabod akwai guda ɗaya da aikinta shi ne shelar zafi. Furosesa na iya amfani da ita ya sanar da madabod cewa ya yi zafi. Haruffan BD ɗin kuma na nufin hanyar tana aiki ta fuska biyu: wani sashe na madabod shi ma yana iya jan wannan layin ya ce wa furosesa ya sassauta. Ka san yadda yaron mota ke buga bodi direba ya taka birki ba tare da ya waiwaya ya tambayi dalili ba? Haka furosesa yake yi, da an ja layin sai ya faɗa giya 8 ya zauna har a saki. Tsari ne mai kyau in akwai haɗari na gaske. Matsalar ita ce in sensa ta lalace ko ƙaramin guntun da ke sa ido ya rikice, sai a yi ta buga bodi babu fasinjan da zai sauka.

Tabbatar da wannan ba wuya. A HWiNFO64 ɗin, gangara zuwa sashen Performance Limit Reasons, ka nemi layin da ke ɗauke da PROCHOT. In ya ce Yes alhali zafin ƙwayoyi yana ƙasa, daga waje umarnin ya zo. Ko ka sauke ThrottleStop, manhajar sarrafa saurin furosesan Intel, daga shafin TechPowerUp, ka danna Limits: abin da ya yi ja shi ke riƙe da furosesan a wannan lokacin, abin da ya yi rawaya ya taɓa faruwa ya wuce.

Da ka ga haka, fara da abin da ba ya cin ko sisi. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ka bar ta minti biyar. Mutane na raina wannan, amma yana da dalili. Kwamfutar tebur ko an kashe ta, muddin waya na jikin soket akwai 'yar wutar jira da ke ciyar da guntun da ke lura da zafi da fankoki da maɓallin kunnawa. In wuta ta yi ta ƙyaftawa kamar daren da ka ambata, guntun na iya rikicewa ya riƙe layin, kuma ba zai manta ba sai an yanke masa wuta ɗungurungum. Fomatin ko sau goma ne ba ya isa wurinsa.

In bai saki ba, sai a wanke saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar madabod da ke tashi kafin Windows. Tun kafin ka taɓa komai, shiga BIOS ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, musamman inda aka rubuta SATA Operation ko SATA Mode, da kuma ko a UEFI take ko Legacy. Dalili shi ne in saitin ya koma na masana'anta, wannan wurin na iya sauyawa daga AHCI zuwa RAID, Windows ta ƙi tashi, ka ɗauka ka ƙara ɓata ta, alhali mayar da shi kawai za ka yi. Bayan hoton, cire wuta, ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi a waje minti biyar. Auna shi da mita in kana da ita. 3V ya kamata ya ba ka, in ya yi ƙasa sosai ka sa sabo, masu gyaran agogo na sayar da shi. Mayar, kunna, zaɓi Load Defaults, ka tabbatar SpeedStep da Turbo Boost, saitunan da ke barin furosesa ya sauya giya, suna kunne, ka gyara kwanan wata. Da waɗannan matakai biyu kaɗai na sallami masu irin matsalarka da dama ban karɓi komai ba sai godiya.

In har yanzu tana nan a 0.79, to maganar ta koma kan wuta, kuma a nan siffar kwamfutarka tana da muhimmanci, ba ka kuwa faɗa mini ba. In irin 'yan ƙananan nan ce masu girman littafi, masu adafta a waje kamar laftof, fara zargin adaftar. Irin su OptiPlex Micro na Dell suna karanta ƙarfin adafta ta wata siririyar allura da ke tsakiyar bakinta. In allurar ta lanƙwashe, ko adaftar jabu ce, ko ƙarfinta bai kai ba, kwamfutar ba ta ƙin tashi, sai dai ta danne furosesa ƙasa da gangan, galibi ma takan yi gargaɗi a baƙin allo lokacin kunnawa, mutane su danna F1 su wuce ba su karanta ba. An taɓa kawo mini 'yan ƙanana uku daga Ƙauran Namoda, duk ciwo ɗaya. Ashe adaftocin asali ne suka ƙone lokaci guda aka sayo masu araha a kasuwa. Da muka jona ta gaskiya, ko murfi ban buɗe ba. Galibi dai waɗannan ƙananan furosesansu na da harafin T a ƙarshe, kamar i5-6500T, don haka ina zaton taka babba ce mai fawa fak a ciki, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta.

Game da fawa fak, bari in faɗi gaskiyar yadda abin yake, domin masu gyara na saurin ɗora masa laifi. Fawa fak na gama-gari ba shi da wayar da zai yi wa furosesa magana, in ya raunana yawanci mutuwa kwamfuta take yi ko ta sake tashi da kanta. Amma wutar da ba ta tsaya daidai ba tana wahalar da sashen madabod da ke sarrafa ta, shi kuwa wannan sashen yana da bakin magana. Saboda haka a auna. Layin 12V an yarda ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, wato tsakanin 11.4 da 12.6. A fawa fak na gama-gari rawayar waya ita ce 12V, baƙa ita ce ƙasa, a filogi mai ƙafa huɗu ko takwas da ke kusa da furosesa. Na manyan kamfanoni launinsu da filoginsu kan bambanta. Zare filogin nan ka duba ko ya yi baƙi ko ya narke, ka mayar da shi har ya yi ƙas. Hanya mafi sauƙi ita ce aron fawa fak mai lafiya irin naka a gwada. Shi kuwa akwatin fawa fak ɗin kada ka kwance shi, kafasitocin ciki na riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare waya.

Wanda na fi zargi a labarinka shi ne wancan sashen madabod mai sarrafa wuta da na ambata, sunansa VRM. Dubi kewayen soket ɗin furosesa, za ka ga wasu 'yan dunƙulallun murabba'ai a jere, da ƙananan baƙaƙen guntaye, da kafasitoci. Su ke sauke 12V zuwa kusan 1.2V da furosesa ke sha, kuma suna da tasu sensar zafi. Haska tocila ka duba da kyau: kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa, wurin da ya yi launin ƙuna, ko ƙauri. Sannan ga gwajin da nake yi: bar murfi a buɗe, kafa fankar tebur tana hura wurin kai tsaye, kunna daga sanyi. In saurin ya dawo ko ya fara ɗagawa, zafin VRM na gaske ne, layin gaskiya yake faɗa. In ko gezau bai yi ba, wurin kuma ba zafi, babu alamar ƙuna, to sensar ce ke ƙarya.

Ga masu karatu da ke da madabod na 'yan gem: wasu samfuran MSI na da ɗan makunni a jikin bod mai suna Slow Mode, an yi shi ne don masu sanyaya furosesa da ruwan naitirojin. In an ture shi bisa kuskure, ko ƙura ta shige shi, sakamakon 800 MHz ne cif. A tura shi gaba da baya sau da yawa a bar shi a kashe. Masu tsofaffin i5 na ƙarni na biyu da na uku, irin i5-3470, su a 1.6 GHz suke maƙalewa, don giyarsu ta ƙasa 16 ce. Masu Ryzen kuma, furosesan kamfanin AMD, sukan ga wajen 0.55 GHz, ThrottleStop kuwa ba ta aiki a AMD.

To, in an kai ga cewa sensa ce ke ƙarya, nan ne ThrottleStop ke da rana. A fuskarta ta farko akwai ɗan akwati mai suna BD PROCHOT. Cire alamar da ke ciki, ka dubi CPU-Z. In ciwon ke nan, a daƙiƙar za ka ga 3.3 GHz. Ka fahimci abin da ka yi: ka ce wa direba ya daina sauraron bugun bodi. Kariyar furosesan ta kansa tana nan, in shi ya yi zafi zai rage gudu, in ya wuce iyaka zai kashe kwamfutar. Abin da ka toshe shi ne koken sauran sassan. Shi ya sa na jera maka duba VRM kafin wannan. In da gaske yana ƙuna ka toshe masa baki, wata rana hayaƙi za ka gani, kuma yana iya tafiya da furosesan da kake ƙoƙarin ceto. In kuwa ka duba ka ga lafiya, ni a ganina halas ne ka ci gaba da aiki haka, na san injinan da suka yi shekaru a kan wannan dabarar. Illa dai saitin ba ya zama, duk sake kunnawa sai BIOS ya mayar da shi, don haka sai ka sa ThrottleStop a Task Scheduler ta riƙa tashi da kanta in ka shiga Windows, tare da alamar Run with highest privileges. Wasu injinan kuma kamfani ya kulle akwatin, ba ya taɓuwa. Irin waɗannan sai canjin madabod.

Sabunta BIOS wani lokaci yakan warware irin wannan, kamfanonin sukan sa fayil ɗin a shafinsu ƙarƙashin lambar samfurin. Amma da irin wutar da ka kwatanta, kada ka kuskura ka fara sai a kan UPS mai batir mai kyau ko inbata. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, madabod ɗin ya zama faranti.

Shi kuma mai gyaranka, ba sai kun yi faɗa ba. Ce masa ka yarda, bisa sharaɗi ɗaya: ya sa nasa furosesan a bod ɗinka a gabanka kafin ka biya, a buɗe CPU-Z. In layin PROCHOT ne ake ja daga madabod, sabon ma 0.79 zai nuna, maganar ta ƙare. Ya kuma sa naka a wani bod ɗin. Soket ɗinka LGA1151 ne, amma a kula, bod na ƙarni na shida da na bakwai ne kaɗai zai karɓe shi, wato irin H110, B150, Q170 ko B250. Na ƙarni na takwas da tara sunan soket ɗinsu ɗaya amma ba sa jituwa da naka. Tunda an riga an ciro furosesan, a duba alluran soket ɗin a cikin haske mai kyau ta gefe, domin allura ɗaya da ta karkace ta taɓa maƙwabciyarta ita ma tana iya jan layin, musamman in an taɓa buɗe wurin a baya.

In ta tabbata madabod ne, na tokumbo irin naka ana samu, kuma furosesanka da RAM ɗin da ka ƙara duk za su koma kansa. Ko an gyara ko an canza, ka raba kwamfutar da soket ɗin da injin fotokwafi da na laminatin suke, ka sa mata stabilaiza ko UPS, in kuma za a juya daga wutar gari zuwa janareta a kashe ta tukuna. Yi gwajin zare waya da na batir yau da dare bayan ka tashi daga shago. In ba ta saki ba, turo mini hoton shafin Sensors na HWiNFO64 yayin da Stress CPU ke gudana, da hoton kewayen soket ɗin, da lambar samfurin da ke jikin akwatin.